Mai Ceto a Gindin Tsamiya

Ka ce mutumin kirki ne, don haka za ka sa masa hannu a takardar shaida ko da bai ƙware ba. To, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mutum mai koyar da nutso a bakin wata madatsar ruwa. Ba nutson masunta ba, irin na zamani: a goya maka tukunyar iska a baya, a sa maka gilashi a fuska, ka ciji bakin bututu kana shaƙa, ka sauka ƙasa yawon buɗe ido. Abin da ke jawo mutane wurin shi ne, lokacin da aka tare kogin, ruwa ya haɗiye wani tsohon gari. Gidajen ƙasa sun narke tuntuni, amma duwatsun niƙa na nan inda mata suka bar su, bakin rijiyar garin na nan a buɗe, baƙi ƙirin. A tsakiyar fili kuma ga wata ƙatuwar tsamiya a tsaye, matacciya, tsofaffin tarun masunta sun lulluɓe ta kamar likkafani. Ko da rana tsaka, can ƙasa duhu-duhu ne, ba ka jin komai sai numfashinka.

Shi malamin ya iya ruwa, wannan ba a ja. Cutarsa ɗaya ce, bakinsa ba ya iya furta "ba ka iya ba." Sunaye kuwa yana da su hawa-hawa, Mai Nutso, Gwani, Babban Gwani, sai Mai Ceto a can ƙoli, kuma yana raba su kamar goron suna. A cikin ɗalibansa akwai wani dattijo, tsohon ma'aikaci, mai fara'a, wanda bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Ya haye duk matakan, saura na ƙarshe. Gwajin wannan kuwa abu guda ne: kana ƙarƙashin ruwa ka zare bututun daga bakinka, ka miƙa wa abokin nutsonka ya shaƙa, sannan ya mayar maka, domin kayan wurin tsofaffi ne, kowace tukunya baki ɗaya gare ta. Aka gwada dattijo a ruwan da bai wuce tsayin mutum ba. Ya kai hannu bakinsa, hannun ya sandare, idanu suka firfito, ya yi wuf ya taso sama yana haki. Aka sake, haka. Iyalinsa na bakin gaɓa sun shimfiɗa tabarma suna jiran a yi shagali. Malamin ya dube su, kunya ta kama shi, ya dafa kafaɗar dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba komai, ai ceto a zuciya yake. Ranar da ta kama, hannu zai yi da kansa." Aka ɗinka masa lambar Mai Ceto a kafaɗa, aka ci shinkafa aka watse.

Bayan damina, wata ranar da ruwa ya kwanta luf, malamin da dattijo su biyu suka sauka kallon tsamiya. Malamin na gaba, ya ratsa ƙarƙashin wani reshe, sai ya ji an riƙe shi ta baya. Taru ne ya harɗe kan tukunyarsa, daidai ƙeya, inda ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa. Ya juya zai kwance, zaren ya ƙara naɗe shi. Ya fizga da ƙarfi, bututunsa ya maƙale a tsinin reshe ya yage, iskarsa ta yi ta tuttuɗowa tana tafiya sama ba tare da shi ba. Duk da haka bai firgita ba. Numfashi kaɗan yake bukata a ara masa, ya nutsu ya yanke zaren da wuƙa, ga kuma mutum da cikakkiyar tukunya kusa da shi. Ya yi masa alama.

Dattijo ya gane sarai. Ya matso, ya ɗaga hannu ya kai bakinsa, sai hannun ya tsaya a nan. Ta cikin gilashi malamin ya ga idanun nan firfito, ya kuwa shaida su, don ya taɓa ganinsu a ruwa marar zurfi. A lokacin ne tsoro ya shige shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya san ruwa. Ya miƙa hannu zai cafko bututun da kansa. Dattijo ya ja baya kaɗan, iyakar inda yatsu ba za su kai ba, ya dafe bakinsa da hannu bibbiyu, yana girgiza kai, yana kuka a cikin gilashi. Ba mugunta ba ce, wallahi yana son ya bayar. Suka tsaya suna kallon juna a gindin matacciyar bishiya, tsofaffin taru na kaɗawa a hankali kewaye da su. Sannan ƙafafun dattijo suka fara motsi da kansu. Malamin ya ɗaga kai, ya bi shi da kallo yana tafiya sama wajen haske, yana ƙanƙancewa, har ya ɓace.

Sai da aka kwana biyu kafin a samu wanda ya yarda ya sauka ya kwanto gawar, domin duk gwanayen wurin ɗalibansa ne, kuma kowa ya san yadda ya samu sunansa.

Ai Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.