Wuyan Gora

Kullum bayan la'asar Malam Ashafa yakan sauko bakin rafi da guntun karan dawa. Sai ya jefa shi cikin ruwa, ya bi shi da ido har ya ga gaɓar da ya je ya daka, sannan ya tsuguna ya kafa turke. Ba ya kula kowa a wannan lokaci, balle mutumin da ke noma a tsallake, wanda kuwa ɗansa ne na fari, Ja'afaru.

Ja'afaru ya shiga sojan Turawa ne ba da izinin uban ba. Ranar da labari ya iso ƙauyensu, can kusa da Saulawa, tsohon ya miƙe a ƙofar masallaci ya rantse cewa in yaron nan ya ƙetaro rafi ya shigo gari, bai yafe masa ba duniya da lahira. Liman ya yi ta nuna masa rantsuwa tana da kaffara. Ashafa ya ce ya sani, shi ma ya yi karatu, amma magana zarar bunu ce, kuma shi ko a cinikin akuya bai taɓa magana biyu ba.

Da aka gama yaƙin Bama, Ja'afaru ya dawo da bargo da tari, ya tsaya a tsallake. Ba abin da yake so a duniya irin ya durƙusa gaban uban ya nemi gafara kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu. Tsohon kuwa har ya fara dogara sanda.

Bobbo, Bafillacen da ke da filayen tsallake, shi ya ara masa wurin zama. Duk faɗin ƙasarsa bai ga inda zai ba shi ba sai inda rafi ya lanƙwashe ya zagaye wani fili, ya bar shi kamar gora: cikin yana fuskantar gari, siririn wuyan kaɗai ya haɗa shi da tsallake. Ruwa kuma yana cin wuyan ta gefe biyu. Ja'afaru ya roƙi wani wurin, Bobbo ya ce sauran na shanu ne. Ja'afaru ya ce to bari ya dasa gamba ya tare zaizaya.

"Aro na ba ka," in ji Bobbo, "ban sa ka gyara ba."

Ana nan sai tsohon ya bar jefa kara ya koma jidar duwatsu. Ya riƙa jibge su a gaɓar gari, daidai inda ya kafa turaku, yana cusa ƙaya a tsakaninsu. Ko makaho ya san abin da zai biyo baya. Ruwa zai daki dutse, ya karkata, ya je ya huce a kan wuyan gorar Ja'afaru. An ga mugunta iri-iri a ƙasar Zazzau, amma ba a taɓa ganin mai furfura yana ɗaukar dutse a ka don ya yi ta ba.

Liman ya same shi yana haki, ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ka hana shi gari, tsallaken ma ba za ka bar masa ba?"

"Gonata nake karewa."

"Ai gonarka tana kan tudu."

"Ka ga kuwa ruwa bai taɓa ta ba," in ji Ashafa, ya sunkuya ya ɗauki wani dutsen.

Kowace damina wuyan sai ya ƙara sirancewa. Inda da jakai biyu ke wucewa a jere, ya koma sai ɗaya, ɗayan ma sai an lallashe shi. Hassana, matar Ja'afaru, ta ce su tattara su koma Kudan wurin danginta su yi noman rake. Ja'afaru ya ce a bari a yi kaka. Abin yana ci masa rai ƙwarai, amma ya kasa yin nisa da inda yake hango rawanin tsohon.

Ba a kai kakar ba. Marka ta sauka kwana da kwanaki, wata ranar Juma'a da hantsi rafi ya taho jawur, ya daki duwatsun, ya juya da ƙarfinsa duka. Mutanen gari suna tsaye a kan tudu wuyan ya rufta, ruwa ya ratsa ta bayan gidan Ja'afaru yana ruri. Mata suka ɗauki salati. Ashafa ya duba, ya gyaɗa kai, ya koma gida ya ci tuwo.

Da ruwa ya janye, Ja'afaru ya fito da ƙunshin kayansa a ka, don ya haƙura. Sai dai hanyar da zai bi babu ita, rafi ne ke gudu a wurin. A gaban gida kuma, inda rafin yake da, ba komai sai taɓo da 'yan kifaye suna mutsu-mutsu. Tsohon yana tsaye a ɗaya gefen taɓon, kuma karon farko tun dawowar Ja'afaru, ɗan nasa yake kallo.

"Kai, rafin yana ina?"

Ja'afaru ya sauke kayan ya durƙusa. "Yana bayana, Baba."

"To tako, ba abin da za ka ƙetare. Tun kana Bama na nuna wa Bobbo wurin nan, duwatsun kuwa sun gama mini baya."