Na Biyar Ya Dawo

Tun da rijiyoyi suka ƙafe, na'urar hukuma ce ke lissafa makomar masu shiga hamada neman ruwa. Cikin maza goma uku ke dawowa, in an yi sa'a biyar. Da zarar na biyar ya iso, sauran matattu ne a doka.

Jiya mijin Kulu ya cika biyar ɗin. Tasalla ta shiga ta yi wa maƙwabciyarta barka, sannan ta wuce ofis tambayar nata mijin.

"Baiwar Allah, lissafi ya cika," in ji ma'aikacin. "Ki fara takaba."

Ta kai hannu ga ɗankunnenta, ta kasa cirewa.

"Malam, na'urarku ba ta san mijina Ilu ba. Ko ranar ɗaurin aurenmu sai da aka jira shi."