Gwaji a Shagon Baba

"Kin sake yin shiru," in ji mijinta, yana nuna mata agogon wayarsa bayan gwajin intabiyu a gida. "Minti tara! Tunaninki suke son ji, Madam Injiniya, ba ƙarar alƙalami ba."

Saura kwana biyu intabiyunta na ƙarshe da wani babban kamfanin manhaja. Sau biyu suna mayar da ita saboda shirun nan. Takan warware matsalar daidai a kan allo, amma bakinta gum.

Ta saɓi allon, ba ta zame ko'ina ba sai shagon gyaran agogo na mahaifinta. Tsohon bencin yana nan, ƙanshin man ma bai canja ba. A nan ta koyi rubuta manhaja tana 'yar shekara goma sha biyar, tana karanto masa layi bayan layi, shi kuwa da gilashin aiki maƙale a ido. Kuskure bai taɓa wuce shi ba. "A'a, uwata, koma baya," zai ce, kuma tana dubawa sai ta gani.

Yau ma tana tsayawa gabansa magana ta ɓalle. Minti arba'in tana zane tana bayani. Sau ɗaya ya tsayar da ita, kuma da gaskiyarsa.

"Baba, wai a ina ka koyi wannan aikin?"

Ya yi dariya har da tari.

"Ni? Ko harafi ɗaya ban taɓa ganewa ba. Hannunki nake kallo. Tun kina ƙarama, in kin yi kuskure sai kin ja kunnenki. Jibi in kin ji hannun ya nufi can, ki faɗa musu kuskuren da kanki."