Farantin Mahauci

"Baba, na daina cin nama," ta ce, idonta a kan cokali.

Wuƙar Baba ce ta kai ta jami'a, ga shi yau za ta kushe sana'arsa a kan teburinsa.

"Sai ki cire takalmin fatar nan ma," in ji Mama.

Baba ya ce, "Me ya faru?"

"Jiya na biyo ta mayanka. Wata saniya ta kalle ni."

"Ai suna kallo."

Ya turo mata farantinsa. Wake ne da kabeji, babu ko tsoka ɗaya. Ba ta taɓa lura ba sai yau.

"Tun kafin a haife ki haka nake ci. Ci abinki. Kada dai ki faɗa a kasuwa."