Mai Fitsarin Kwance

Bugun farko a kafaɗa ya same shi, na biyu a gadon baya. Kafin na uku ya riga ya sauko ya durƙusa a gaban gado, ya rufe kansa da hannu biyu.

"Yau ma?" in ji Baba, yana haki. "Ƙato da kai, yau ma?"

"Yi haƙuri, Baba. Barci ne ya ɗauke ni."

Abin da yake faɗa ke nan kowane dare, kuma bai taɓa rage masa ko bugu ɗaya ba. Gado ɗaya suke kwana shi da ubansa, a kan katifar da aka lulluɓe da leda. Wajen ƙarfe biyu ko uku Baba zai farka ya ji sanyi a jikinsa, ya shafa zanin gado, ya miƙa hannu ya shafa wandon ɗan nasa. Da ya ji danshi, magana ta ƙare.

Baba mai wanki da guga ne, kuma ba irin na yanzu masu tsoma kaya a ruwa su shanya ba. Mutum ne da zai ɗaga farar riga ya duba ta a rana, in ya hango ɗigon tabo ya mayar da ita cikin baho. A ce a gidansa, a kan gadonsa, ake wayar gari da zarni? Wannan kam zuciyarsa ba ta ɗauka.

Kullum da silifas ake dukan, wani tsohon silifas na roba da ke kwana a bakin gado, mai yawan ƙara da ƙarancin zafi. Yau tsautsayi ya sa aka manta dutsen guga a kan tebur. Baba ya zare wayar dutsen, ya ninka ta biyu, ya naɗe a hannu.

Waya ba silifas ba ce. Duk inda ta sauka sai ta tashi da fata. Ta yanki bayan hannunsa, ta yanki wuyansa, singiletinsa ta fara manne masa a baya. Ya cije leɓe, bai ce uffan ba, kuma shirun nan ne ke ƙara tunzura Baba.

"Taurin kai za ka nuna mini? Ni?"

Ya sake ɗagawa. Wannan karon kan filogin ne ya kuɓuce, ya zo ya fasa masa gira. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Ɗaya idon bai bar ƙafafun Baba ba, don ledar ta tsiyayo a siminti, kuma wurin da santsi.

Matar gidan ta iso a guje ta tarar da ƙofa a kulle ta ciki, kamar kullum. Ta dinga dukanta da tafin hannu.

"Baba, don girman Allah ya isa haka. Za ka illata shi."

"Ke wace ce?" Baba ya daka mata tsawa, ya ƙara zabga wayar.

Ta ji saukarta ta bayan ƙofa. Wata takwas ke nan tana sauraron wannan abu, tana toshe kunne da filo, yau kuma haƙurinta ya ƙare.

"Wallahi in ba a bari ba, yanzu zan faɗa masa gaskiya."

Sai a lokacin wanda ake duka ya ɗaga murya. "Kada ki soma."

Ta janye hannu daga ƙofar. Wayar ta sauka sau uku bayan haka, kowanne bai kai na baya ƙarfi ba, sannan ta sulale daga hannun Baba. Ya zauna a bakin gado yana mayar da numfashi.

Ɗan ya goge ido da gefen singileti, ya matso a kan gwiwa. "Baba, na jiƙa maka wando kai ma. Bari in kawo ruwan ɗumi."

"Ƙazami," in ji Baba, amma ya ɗaga hannu aka cire masa riga.

Ya wanke shi tas, ya goge shi, ya shafa masa mai a cinya inda fata ta fara ja, ya sa masa busasshen wando. Ya goge ledar, ya shimfiɗa sabon zani. Baba ya duba kusurwoyi huɗun, ya sa aka sake ja ɗaya, sannan ya kwanta. Minti biyar bai cika ba ya fara minshari.

A banɗaki matar ɗan ta danna wa mijinta auduga a gira, tana kuka ƙasa-ƙasa don haushi da tausayi.

"Wannan sai an ɗinke. Saura kaɗan da idon ne. Har yaushe za a yi haka?"

Sau ɗaya aka taɓa faɗa wa Baba gaskiyar cewa shi ke fitsarin, ranar da aka kawo kunzugun manya daga asibiti. Ya yayyaga shi, ya juya fuska bango, kwana huɗu ba ci ba sha, yana roƙon Allah ya ɗauki ransa, har sai da ciwon mantuwar da ke damunsa ya share masa abin. Ɗan ya sunkuya a famfo ya wanke jinin da ya bushe a furfurar gemunsa. Shekararsa hamsin da shida, da jikoki uku, kuma gobe ma da ya ji zanin ya jiƙe a ƙarƙashin tsohon, zai tashi a hankali ya zuba wa gaban wandonsa ruwan buta, ya koma ya kwanta ya jira a tashe shi.