Koren Zare

Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe labari ya iso rumfar Malam Sallau tela a kasuwar Yelwa, cewa jirgin da ya tashi zuwa Wara ya daki kututture a tsakiyar ruwa, ya dare gida biyu. Bai tsaya rufe keken ɗinki ba. Kafin azahar ɗan acaɓa ya sauke shi a gaɓar da ake fito da mutane.

'Yarsa Barakatu tana cikin wannan jirgi. Ma'aikaciyar lafiya ce, an tura ta allurar rigakafi a ƙauyukan bakin tafki, kuma ba ta iya iyo ba ko kaɗan.

Wajibi ne mai karatu ya san ko wane ne Malam Sallau. Shekara talatin ke nan yana raya abin da wasu suka yar. Idan dilar gwanjo ta zo da kayan Turawa masu yawon daji, tantuna ne, jakunkunan goyo ne, rigunan ruwa ne, a gabansa ake kwance su. Aƙidarsa ɗaya ce, wato almubazzaranci ne a zubar da abin da ke da sauran amfani. Tanti in ya yage sai ya koma rumfar mai shayi. Ƙyallayen da sauran teloli ke ƙonawa shi a buhu yake tara su, kuma a 'yan watannin nan buhun ba ya kwana cike. Duk abin da ya bi ta hannunsa da koren zare yake rufe bakinsa, domin a san aikinsa. Hatta masunta, waɗanda ba su ɗinki sai da salla, sun yawaita a rumfarsa.

A bakin ruwa kuwa wannan gwaninta ba ta da ranar komai. Ya tsaya da takalmi a hannu, ruwa yana lasar ƙafarsa. Masunta sun baza komayensu suna lalube, fararen soson da aka ɗaura a bakin komayen suna rawa a saman ruwa, sababbi, an yanka su daidai wa daida.

Abu guda ne ya riƙe shi a tsaye. Tun ranar da Barakatu ta kama aiki ya sa ta yi masa alkawari ba za ta taka jirgi ba sai da rigar ruwa, irin mai hana nutsewa, a jikinta.

"Da rigarta," yake gaya wa duk wanda ya matso zai yi masa jaje. "Ruwa ne ya gangara da ita. Za a tsince ta wajen ciyayi."

Kuma lalle masu riga ana ta tsinto su ɗaya bayan ɗaya, a galabaice amma da rai. Kowane kwalekwale ya iso sai ya leƙa, ya ja da baya.

Bayan la'asar aka sauko da Christiana, abokiyar aikin Barakatu, an lulluɓe ta da zane, rigar ruwan tana nan a ƙirjinta. Da ta gan shi sai ta durƙusa.

"Ɗiyata, ina abokiyar taki?"

"Baba, tare munka faɗa."

"Da rigarta?"

"Da ita."

"To alhamdu lillahi. Tashi, tashi, za a gan ta."

Christiana ba ta tashi ba. "Guda ɗaya anka ba mu. Munka yi ta gardama, tac ce ni in sa, ni ke da goyo a gida. Sai ta tahi wurin Dudu, mai kayan 'yan acaɓa a bakin kwata, inda jirgi ka tashi, tas sayi wata."

Takalmin ya suɓuce daga hannun Malam Sallau.

"Dudu ba ya sayar da rigar ruwa," ya ce a hankali. "Na tare iska ne, na masu babur."

"Shi ma haka yac ce, Baba. Ni ma da na ɗaga ta na ji ta da nauyi. Sai Barakatu ta juya gefen rigar, tay yi dariya, tac ce, 'Ke, bar tsoro. Dubi koren zare. Abin da ya bi ta hannun Babana ba ya cin amana.'"

Malam Sallau ya ɗaga kai ya dubi fararen soson nan da ke yawo a saman ruwa suna neman 'yarsa. Daga cikin rigunan ruwan gwanjo ya ciro su da hannunsa ya sayar wa masunta, sa'an nan ya cusa ƙyallaye a gurbinsu ya rufe da koren zare, ya sayar wa Dudu a matsayin na tare iska, don kada rigunan su tafi a banza.