Asalin Tsallen Kududdufi

Ambrose Tuckwell ya ajiye gogensa a kan cinya, ya jira tafi. Winifred, shugabar masu shirya rawar watan Mayu, ta kurɓi shayinta ta ce kiɗan ya yi daɗi, amma ba za a taka shi ba. A ƙauyenmu ba ma rawa da kiɗan da bai girmi cocinmu ba. Ko mummuna ne, in dai kakanni sun taka shi, muna ƙaunarsa.

Ambrose ya rantse kiɗan tsoho ne. Tun yana saurayi kiɗan ke yi masa yawo a ka, kuma tabbas wurin wani dattijo ya ji shi, sunan dattijon ne ya shige masa.

"Ambrose, kai da ka manta inda ka ajiye haƙoranka jiya?" in ji ta. Ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo shaida, in ba haka ba ta ba wani mutum daban gogen bikin bana. Shekara arba'in shi ke goge a bikin nan.

Ya ja hula ya rufe manyan kunnuwansa, ya fito da tsohon jan kekensa, wanda rabonsa da hanya tun zamanin da yake zagaya ƙauyuka yana gyaran agogo. Ya kama hanya yana fito da baki, kamar kullum.

A ƙauye na farko, bai kai rabin kiɗan ba mutanen mashaya suka kama buga ƙafa. Sun san shi sarai, har suna gare shi: Tsallen Kududdufi. Suka ce daga ƙauyen gaba suka samo shi. Na gaba suka ce na bayan tudu ne. A kowane gari, in an zo tsakiyar kiɗan, sai masu rawa su yi tangaɗi, su buɗe hannuwa, su yi tsalle baya.

Ambrose ya ji ƙirjinsa ya cika. Kafin ya gangara tudun ya gama haɗa tarihi: ai wankan tsarki ne na mutanen farko, da suke faɗawa ruwa don roƙon albarkar shuka. Har ya tsara yadda zai kalli Winifred.

A bayan tudu aka kai shi wurin Iya Dorcas, wadda ta kusa shekara ɗari, kuma kowa ya yarda daga bakinta kiɗan ya bazu. Wani garken agwagi ya tare masa ƙofa, Ambrose ya kewaye su nesa-nesa, don shi da agwagi ba sa shiri.

Ta ba shi shayi da biredi. Ya tambaye ta ko wurin kakarta ta koya.

Ta yi dariya har da tari. "Wace kaka, yaro? Ina da aure da 'ya'ya na fara jin sa."

Ambrose ya ajiye kofin a hankali. Ya cire hula don ya ji da kyau.

Tsohuwar ta ƙura wa kansa ido, ta leƙa keken da ke jingine a taga.

"Wani sakaran mai gyaran agogo ne ya zo yana rera shi da fito, hankalinsa na sama, ya zarce da jan kekensa cikin kududdufin agwaginmu. Ashe kunnuwan nan suna nan yadda na san su."